Sista Zinatu, Wadda Ta Sa Na Kira Sunan Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairu, Allah ya karɓi ran Sista Zinatu Makau, ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara a asibitin Anka. Ta rasu a gidan mahaifiyarta a Gummi, bayan ta sha fama da ciwon hanta. Ina cikin aji a Adabka ina koyarwa aka gaya mani, kuma har yau zuciyata ta ƙi kwanciya.

Sista, na san ki a shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu na ƙasar Bukkuyum. Maza suna kawo duwatsun zinariya gida, mu mata muna dakawa a turmi, yara suna rarrafe cikin ƙurar, ba mu san mutuwa muke dakawa ba. Ɗana na fari, Abdulbasit, bai cika shekara uku ba ya fara jijjiga. Da muka kai shi Anka likita ya ce gubar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ke kika zaunar da mu kika faɗa mana da Hausa, ba ɓoye-ɓoye: ba za a iya warkar da shi ba, amma ba za ki bari ya wahala ba. Kuma kin cika alkawari. Kina jiƙa auduga kina goga masa a leɓe, kina juya shi kada bayansa ya yi gyambo, kina ba shi maganin da ke kwantar da jijjigar.

Ni kuwa uwarsa ina rakuɓe a lungu ina kallon bango. Ɗan fari ne, kowa ya san al'adarmu: ba na ɗaukarsa gaban mutane, ban taɓa kama sunansa ba, sai dai in ce "yaron nan". Surukata, Inna Dija, ita ke riƙe da shi. Wallahi ina son in ɗauke shi, amma kunya ta ɗaure ni.

Ran nan da la'asar kika dubi numfashinsa, kika ce wa surukata, "Inna, ku tai ku yi salla, ku sha iska, ni ina nan." Tana fita kika saki labule, kika ɗauko shi kika aza mani a cinya.

"Rahina, ba kowa nan sai ni da ke da Allah. Yana jinki. Kira shi."

Na ce ina jin nauyi. Kika harare ni kika ce, "Nauyin wa? Bango?" Sai kika dafa kafaɗata. Na ce, "Abdulbasit." Ɗan yatsansa ya kama bakin mayafina. Na yi ta kira, duk kiran da na hana shi tun haihuwa, har aka karɓi ransa a cinyata. Ba don ke ba da ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba.

Daga baya na ji ba ni kaɗai kika yi wa haka ba. Wasu tsofaffi sun yi ta gunaguni wai kina ɓata al'ada. Ba ki yi musu da kowa ba, labulenki kawai kike saki. Yaran da aka sallama su ƙarasa a gida kuwa, kina hawa kabu-kabu ki bi su har ƙauye da magani, ko bayan da hanyoyin suka zama abin tsoro.

Abin da ya hana ni sukuni a Gummi na same shi, wajen zaman makoki. Ashe ke ma ɗiyar fari ce! Mahaifiyarki, Inna Amariya, tana zaune tana jan carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce, "Waccan ta riga mu." Ƙanwarki Surayya ta gaya mani duk tsawon jinyarki ɗakin cike yake da 'yan dubiya, tsohuwa tana bakin ƙofa, sai dai ta dama kunu ta miƙo. Haba Sista, ke da kika sakar wa mata da yawa labule, ba a samu mai sakar maki ba?

Da aka kira azahar na roƙi matan su je su yi salla. Na saki labule, na kama hannun Inna Amariya na ce, "Inna, ba kowa." Nan ta ce, "Zinatu. Zinatuna." Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ta ji?" 

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Amariya, da Surayya, da mijinki Malam Surajo da 'ya'yanku, da abokan aikinki, da iyayen yaran da ke kwance yanzu suna tambayar ina kike. Allah ya gafarta maki, ya haskaka kabarinki, ya sa yaran da kika yi jinya su tarbe ki a ƙofar Aljanna. Ya Allah, kai ne mai jin abin da ba mu ji, ka isar mata da kiran mahaifiyarta. Amin.

Rahina Sharu, Adabka