Malam Isiyaka da Layukan da Na Ƙi Cikawa

Ina kan layin keke a bakin kasuwar Lafiya, ranar Talata da hantsi, wani abokin karatuna ya kira ni ya ce Allah Ya yi wa Malam Isiyaka rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ba fasinjojina haƙuri na sauke su.

Malam Isiyaka mutumin Keana ne, shi ya koya mana lissafi a sakandare. Ni ne gwanin ajin. Kafin ya gama rubuta tambaya a allo, na riga na faɗi amsa. Sauran malamai suna fasa mini kai, shi kuwa sai ya maido mini da littafina ya sha jan biro. "Amsa naka daidai ne, Sabo, amma ina hanyan? Mai ba da maki ba ya cikin kanka."

Na ɗauka hassada ce. Na ce zalunci ne a tilasta mini jan ƙafa irin na sauran ’yan aji, kuma har yau ina ganin da ɗan gaskiyata. Shi ma bai musa ba. Yakan ce mahaifiyarsa ta fi kowa sanin dafa gishiri a Keana, amma ba ta taɓa ɗora tukunya ba sai ta tace ruwan.

A jarabawar ƙarshe na zuba amsoshi tsurarsu, na riga kowa fita. Na faɗi lissafi, kunya kuma ta hana ni sakewa. Shekara da shekaru, duk inda ya gan ni sai ya tsayar da kekena. "Yaushe za ka zo mu fara daga layin farko?" Kullum sai in ce bayan Sallah.

A wurin gaisuwa, matarsa Inna ta miƙo mini littafi da sunana a bango. "Ɗana, ya ce duk ranar da ka zo a ba ka." Tambayoyi ne da hannunsa, ƙarƙashin kowace ya bar layi takwas ba komai. Na zauna cikin keke na karanta ta farko, ina jiran amsar ta faɗo mini kamar dā. Ba ta zo ba. Baiwar da nake taƙama da ita ta tafi, hanyar ban koya ba, mai koyarwar kuma yana ƙasa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba Inna da ’ya’yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma Allah Ya yafe mini. Littafin yana ƙarƙashin kujerar kekena, layukan suna nan yadda ya bar su.