Ranar da Aka Shanya Zannuwan Jirgin Deusdete

Deusdete, Allah ya jiƙansa, a ƙarƙashin jirage ya yi rayuwarsa. A bakin kogin Una, cikin laka, yake kwanciya rigingine yana cusa zaren auduga tsakanin katako da katako da 'yar gudumarsa ta icce, ya bi da kwalta mai zafi, don kada ruwa ya sami hanya. Ko ya yi wanka ya tafi coci, ƙanshin kwalta ne ke riga shi shiga.

Yana matashi wasu baƙi suka zo suka ce a sassaƙa musu jirgi irin na mutanen da, wanda iska ke turawa, irin waɗanda suka fara ƙetaro teku zuwa wannan ƙasa. Da gatari da gizago aka yi shi, ba da inji ba. Babu tsagar da hannun Deusdete bai bi ba. Amma ranar da aka buɗe wa jirgin zannuwansa masu kama iska ya kama hanyar teku, naƙuda ta kama matarsa Zulmira, ya sa ta a kwalekwale ya haura kogi da ita zuwa wurin ungozoma. Kafin ya dawo da 'yarsa Marinalva a hannu, jirgi ya ɓace. Duk garin sun gan shi da fukafukansa a buɗe, ban da Deusdete.

Jirgin ya yi ta yawon kogunan ƙasashen waje, ana shiga ana kallo. Zulmira ta rasu, ƙafafun Deusdete suka daina ɗaukarsa, ƙirji ya fara yi masa nauyi. Sai ga labari cewa jirgin zai tsaya a garin, shi da wani ɗan'uwansa da aka yi daga baya.

“Marinalva, abokin tagwaicinki ya dawo,” in ji Deusdete. “Kira min Nonato ya kawo baro.”

Nonato amininsa ne tun suna kama ƙaguwa a laka. Ya shimfiɗa buhu a baro ya ɗora shi.

“Kai tsoho, ba ka fi buhun garin rogo nauyi ba.”

“Tura dai, malalaci. Ka zubar da ni, ka biya Marinalva uba.”

Da suka iso gaɓa, sai ga su nan tsaye. Jirage biyu baƙaƙe ƙirin, ginshiƙansu sun fi hasumiyar coci, igiyoyi sun sarƙe sama kamar yanar gizo-gizo. Deusdete ya gane nasa tun daga nesa. Sai dai da inji suka shigo, zannuwan a naɗe, an ɗaure su tam.

Marinalva ta je ta roƙi kyaftin. Ya saurare ta da ladabi, ya sauko ya riƙe hannun tsohon, amma ya ce ba a buɗe su a cikin kogi, sai a teku, kuma Deusdete ba zai iya teku ba.

“Ba komai, ɗana,” in ji Deusdete. Amma ko kifin da aka dafa masa da manja da madarar kwakwa bai taɓa ba ranar.

Kullum Nonato yana turo shi, ya zauna yana kallon zannuwan a naɗe. Ana jibi jirage za su tashi aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe Marinalva ta hana.

“Baba, wannan tarin naka? Ba inda za ka.”

“Yarinya, ruwan ya ɗauke. Zanen da ya jiƙa ba a barinsa a naɗe, ruɓewa yake. Nonato, tura!”

Sun iso rana tana fitowa, ma'aikata sun hau igiyoyi kamar birai. Wani ya yi kira, aka saki ɗauri. Zane na farko ya zubo da ƙara kamar tsawa, yana watsa ruwa, na biyu ya biyo shi, har sama ta cika da fari. Wata iska mai laushi ta taso daga bakin teku ta shiga cikinsu, suka kumbura, jirgin ya ja igiyoyin da aka ɗaure shi da su, katakonsa yana kuka.

Deusdete ya cire hularsa. Ya dafa kafaɗar Nonato, ya miƙe tsaye a kan ƙafafun da suka daɗe ba su ɗauke shi ba, hawaye suna bin gemunsa.

“Ashe haka yake,” ya ce. “Nonato, ashe haka yake daga sama.”

Nonato da Marinalva, wadda ta biyo su, suka riƙe shi a tsaye, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, har zannuwan suka bushe.