Ƙulin Mairama

Idan ka shiga Kankiya da hantsi, ka bar titi ka bi lungun da ke bayan masu gyaran babur, za ka tarar da Malam Ashiru a gindin darbejiya, gaban wani tebur mai ɗingishi da ya tokare da rabin bulo tun shekarar da aka haifi 'yarsa Kamila. Ba ya talla. Baƙo zai shekara yana wucewa bai san da shi ba, amma direbobi da teloli da malaman Islamiyya ko an rufe musu ido za su kai kansu.

Gurasa yake sayarwa. Ya tsoma ta a ruwan ɗumi, ya tsaga cikinta, ya jera ƙosai uku ya murƙushe su da babban yatsa, ya barbaɗa garin ƙuli, ya yayyafa man gyaɗa, ya watsa albasa, ya naɗe a takarda. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Mutane na cewa hannun Malam Ashiru daban ne, shi kuwa, mutum ne mai son yabo, bai taɓa musa musu ba. Gaskiyar ita ce aikin duk na ƙulin ne, ƙulin kuwa na matarsa Mairama. Duhu gare shi, ba irin na kasuwa ba, kuma sai ka haɗiye za ka ji wani ɗan ɗaci-ɗaci ya biyo baya, wanda ke sa ka sake kai loma.

Damina biyu da suka wuce Mairama ta kwanta kwana shida, ta rasu.

Bayan sadakar arba'in ya koma gindin darbejiya. Kamila ta karɓi aikin ƙulin daga gidan mijinta. Gyaɗar Kunduru da uwarta ke saye ita ta saya, citta da masoro da barkono duk ta auna yadda ta gani tun tana yarinya. Ƙuli ya fito fes, ba abin kushewa. Ɗanmaliki tela, wanda ya fi kowa daɗewa a kan bencin, ya ci, ya lashe yatsa, ya ce, "Malam, da daɗi hwa. Amma ba ita ba ce."

Malam Ashiru ya hau shi da faɗa, ya ce tsufa ne ya cinye masa harshe. Sai da ya koma gida ya gutsuri saura, ya zauna bakin ɗakin Mairama. Ba ciniki ne ya dame shi ba. An raba zannuwanta, an rufe ɗakin, muryarta ma ta fara suɓuce masa. Ɗanɗanon nan ne kaɗai yake tsammanin zai riƙe, ga shi shi ma ya bi ta. Kewarta ta kama shi sabuwa, kamar ranar da aka dawo daga maƙabarta.

Ya sayo gyaɗa daga Fakuwa, ya sayo daga Tafashiya. Ya sauya injin niƙa. Ya bi tsofaffin unguwa da tambaya har suka fara yi masa dariya. A ransa ya yanke cewa in kaka ta yi bai samo ɗanɗanon ba, zai naɗe teburin, don ba zai ci gaba da miƙa wa mutane abin da ba shi ba.

Ana fara cire gyaɗa ya hau babur ya tafi Kusada, wurin Adawiyya, ƙanwar Mairama. Tsakaninsu akwai wasa tun aurensa, ba ta taɓa raga masa ba.

"Mijin Yaya, yau kai ne a garinmu? Ko ni ka zo nema?"

Yau ba wasa ya kawo shi ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Adawiyya, don Allah ki hwaɗa mani. Me innarku ta koya mata take sa wa ƙulin nan?"

Ta dube shi, sai ta kwashe da dariya, dariyar ta zarce da hawaye. Ta share da gefen mayafi.

"Yo ai ba abin da take sawa. Ƙona gyaɗar take yi! Da Inna ta ga ƙulin nan da ta ci mata mutunci. Na zauna gidanku wata biyu sanda anka haihi Kamila, da idona na gani. Ta zuba gyaɗa a kasko, kai kuma ka jawo keke za ka tahi, sai ta aje ludayi ta bi ka rakiya har zaure. In ce Yaya, gyaɗa hwa! Ta ce barta, yanzu zan dawo. Ba ta dawowa sai ƙauri ya ishe ta can."

Sai Malam Ashiru ya tuna. Kullum maganar Mairama ta ƙarshe a zaure ɗaya ce: "Bari in koma, Allah ya ba da sa'a." Shi a zatonsa zance ne ke ƙare mata. Ashe ƙaurin ne ke kiranta.

Washegari ya hura wuta da kansa, ba kowa a gidan balle a yi masa dariya. Ya ɗora kaskonta, ya zuba yashi da gyaɗa, ya juya har ta fara ƙamshi. Sai ya ajiye ludayin, ya jawo keken, ya tura shi zuwa zaure ya tsaya. Bai san tsawon lokacin da Mairama ke ɗauka a nan ba, don da can hankalinsa na kan hanya. Amma yana tsayawa maganganunta suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki wuƙar? A sayo mini kanwa. Kada a biye wa Ɗanmaliki da gardama. Malam, hularka ta karkace. Ya kai hannu ya gyara hular. A da yakan ce, "To, to, na ji," ƙafarsa ɗaya tuni tana waje. Yau da za ta kai azahar tana magana, da ya tsaya.

Ƙaurin ya taso daga tsakar gida, ya same shi a zaure.

"Koma," ya ce a hankali, kamar tana gabansa. "Ta yi."

Kamila ta niƙa, ta matse mai, ta toya, tana mita cewa Baba ya lalata gyaɗa. Kwana biyu bayan haka Ɗanmaliki ya zo ya zauna a kan benci. Malam Ashiru ya naɗe masa gurasa ya miƙa, bai gaya masa komai ba. Telan ya gutsura, ya tauna, ya haɗiye. Ya daɗe yana kallon takardar da ke hannunsa.

"Allah ya jiƙan Mairama," in ji shi.

"Amin," in ji Malam Ashiru. Ya juya baya ya hau yanka albasa, alhali kwanon a cike yake.