Kason Baba

Ni ce na kira Yaya a waya na ce ya baro Damagaram ya zo gida, domin Auta na shirin tafiya Aljeriya, ni kuwa bakina ya ƙare. A Matameye ba sai an yi wa kowa bayanin wannan tafiya ba. Mun ga waɗanda aka kwaso aka dawo da su cikin manyan motoci, leɓe a tsage, ƙafafu a kumbure. Mun kuma san gidajen da har yau ba a ce musu komai ba, ba su yi zaman makoki ba, ba su kuma daina sauraron waya ba. Auta ni na goya shi bayan rasuwar Inna, a ajin da nake koyarwa ya fara karatu a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa har ya yi gemu yana ce mini Madam don tsokana. Ban raine shi don in miƙa wa sahara ba.

Abu ɗaya ne ya riƙe shi, shi ne Baba. Ran da Auta ya fara kawo maganar, Baba ya ce, "Ba da yawuna ba," bai ƙara ba. Auta kuwa duk taurin kansa, ba zai taka tasha ba sai da albarkar Baba. Amma a lokacin Baba ya kwanta, ƙafa ta ƙi, ido ya yi rauni, garkar rakensa ma sai dai a ba shi labarinta. Kullum da safe Auta ne ke zama yana matsa masa ƙafafu, suna hira ƙasa-ƙasa, ni ina shirin fita aiki ina kasa kunne. Na san ƙanena, yana da lallami kamar mai kiwon tantabara. So nake babba ya zo ya ɗaure maganar ta yadda ba za ta kwance ba.

Yaya ya iso da hantsi cikin shadda mai sitati, da jakar takardu da ban ga abin da za ta yi a gidanmu ba. Ma'aikacin gwamnati ne, a wani ofishi da ake lissafin kuɗi, kuma in yana magana yakan dakata ya nemi Hausar abin da ya riga ya faɗa a ransa da Faransanci. Bayan azahar muka zauna a rumfar tsakar gida. Baba yana kwance a kan tabarma, fuska ga bango, muka ɗauka barci yake.

Da kyau Yaya ya fara. Ya tambayi Auta lafiyar babur, ya kuma yarda cewa tun da aka rufe iyaka a Ɗan Barto sana'ar ɗaukar kaya ta mutu, da aka buɗe ma ba ta tashi da ƙafarta ba. Daga nan sai ya hau kan abin da ya saba. Ya ce ƙasa tana cikin wani hali, an ciwo bashi an yi hanyoyi da asibitoci, kuma matasa ne za su tsaya su yi aiki a biya. Ya ce masu tafiya zubar mana da mutunci suke yi, su je su yi bara a titin Larabawa, a kamo su, sannan gwamnati ta kashe kuɗin da za a gina aji wajen kwaso su da ciyar da su a hanya.

Auta ya saurara har ƙarshe, yana wasa da makullin babur. Sannan ya ce shi ba bara zai je ba, aikin gini zai yi, abokinsa na Kurni yana can yana yi. Ya tambayi Yaya wane aji ke nan ake magana, domin shi dai ya san ajin Madam, rumfar kara ce, duk shekara iyayen yara ke kafa ta, duk damina iska ta kwashe. Ya ce in bashin da aka ciwo ya zo Matameye, to a motar da ya zo a ciki ya koma.

Nan ya kamata in kama bakina. Ni na kira mutumin nan, gefensa nake. Amma da Yaya ya buɗe baki ya ce ai an ware wa ilimi kaso mai tsoka, sai na ji jinina ya hau. Na ce ya zo gobe ya ga tsokar, yara zaune a ƙasa kunama na bin su, allo a jingine da icce, albashina kuwa sai ya ga dama yake zuwa kamar baƙon da ba a gayyata ba. Yaya ya harare ni, ya ce yanzu da wa yake magana, da ni ko da yaron. Auta ya yi dariya ƙasa-ƙasa, na ji kamar in kai masa duka.

Daga nan magana ta ɓaci. Yaya ya ce matsalar ba masu fita ba ce kaɗai, har da masu shigowa. Ya ce a duba kasuwa, rumfuna nawa ne na mutanen ƙetaren iyaka, a duba asibiti a ga su waye ke cika layi, alhali mu aka rubuta wa bashin ginin. Auta ya ce to madalla, abin da Larabawa ke faɗa a kanmu ke nan, kalma da kalma. Ya kuma tuna masa cewa Inna daga wajen Daura aka kawo ta, ko ita ma layi ta cika? Yaya ya miƙe tsaye. Na shiga tsakaninsu, ina cewa su ji tsoron Allah Baba na barci.

"Kai ba ka san kome ba," in ji Yaya, yana nuna shi da yatsa. "Kana ji ana cewa bashin ƙasa, ka ɗauka na wasu ne a Yamai. Namu ne. In aka raba, kowa da kasonsa a wuyansa, da ni da kai da jinjirin da aka haifa yau. Har Baba da ke kwance nan."

Sai muka ji tabarma ta motsa. Baba ya juyo, ya dafa ƙasa, ya tashi zaune da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya juya fuska inda muryar Yaya take.

"Har ni?" ya ce.

Yaya ya koma ya zauna, ya sassauta murya, ya ce ai magana ce ta lissafi, ba wai wani zai zo ƙofar gida ba ne. Baba ya tambaye shi ko ƙarya ce ya faɗa. Yaya ya ce a'a, ba ƙarya ba ce. Baba ya tambayi wa ke bin bashin. Yaya ya ce bankuna ne da ƙasashe, wasu a Turai, wasu a gabas. Ya tambaya ko ana karɓa a ofishin magajin gari kamar lampo, wato haraji, mutum ya biya nasa a ba shi takarda. Yaya ya ce ba haka ake yi ba. Baba ya koma ya kwanta, wannan karon fuskarsa na sama.

Wanda bai san Baba ba zai ce rikicin tsufa ne. Ba shi ba ne, hankalinsa garau yake. Mutum ne da bai taɓa karɓar ko gishiri a kan sai gobe ba. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya aika aka kira duk wanda suka taɓa ciniki, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, suka ce babu kome, ya ce alhamdu lillahi ya shirya. Yanzu ɗansa na cikinsa, mai ilimi, wanda aikinsa ke nan, ya gaya masa cewa akwai saura.

Da yamma bai ci tuwo ba. Washegari kunu ma kurɓa ɗaya ya yi ya ture. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce Baba maganar 'yan boko ce, mu ma ba mu san kanta ba. Ya ce, "Uwata, ke dai ki bari," don sunan mahaifiyarsa gare ni. Yaya ya fasa komawa aiki, yana ta zirga-zirga tsakanin zaure da rumfa, yana kawo misalai, kowane misali na ƙara dagula abin. Ni kuwa na daina yi masa magana. Auta ya ci gaba da matsa ƙafa, ni ma don tsoron halin da Baba ke ciki har na manta da Aljeriya.

Da abin ya kai kwanaki, Baba ya ce a kira masa Malam, limamin masallacin unguwarmu, abokinsa tun suna samari. Malam ya zo bayan la'asar, ya saurari kowa. Ya yi magana mai kyau, wallahi. Ya ce bashin da mutum bai ci da hannunsa ba, bai sa aka ci masa ba, ba a shawarce shi ba, ba ya bisa wuyansa, yana kan waɗanda suka sa hannu. Na ji sanyi a raina. Amma Baba ya girgiza kai. Ya ce kwaltar nan da aka ce da bashin aka yi ta, a kanta ya yi shekaru yana kai rake Damagaram. Asibitin kuma an kwantar da shi a ciki, an ƙara masa ruwa. Ya ce ta yaya zai ce bai ci ba? Malam ya shafa gemu, ya ce Allah shi ne masani.

"Ran da kuka shimfiɗe ni a gabanka," in ji Baba, "za ka juya ka tambaya ko akwai mai bina. Masu bin nawa ba su jin Hausa, Malam. Ba za su zo ba. Ni zan tafi da shi."

Sai ya ce a sayar da garka. Garkar nan ita ke ciyar da gidan, kuma ko an sayar babu wanda za a kai wa kuɗin. Na dubi Yaya. Kowa a wajen ya san abin da ake yi in uba ya damu da bashi a kan tabarmar ciwo, ɗa ne yake cewa ya ɗauka, a gaban shaidu, shi ke nan nauyi ya sauka daga kan tsoho. Shi ne babba, shi ne mai albashi, shi ne ya jawo maganar. Ina kallonsa yana buɗe baki, na san kuma wani bayanin zai sake yi.

Auta ya riga shi. Ya saki ƙafar Baba, ya gyara zama ya durƙusa.

"Baba, na ɗauka. Malam shaida ne. Kasonka yana kaina."

Baba ya lalubo kansa ya dafa. Ya daɗe a haka. Sannan ya tambaye shi da me zai biya, shi da babur ɗinsa ke kwana uku bai ga fasinja ba.

"Sai ka bar ni in tafi in nemo," in ji Auta.

Na ce ni na ɗauka, a bar yaron, ni na ɗauka. Har na ɗaga murya a gaban Malam. Baba ya ce, "Uwata, ke da gwamnatin ma kike bin ta albashi?" Ya juya wajen Auta ya ce Allah ya tsare hanya, Allah ya sa a dawo a same mu ko a sami labarinmu mai kyau. Malam ya ce amin a hankali. Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

A daren nan Baba ya cinye tuwonsa tas, ya ce a ƙaro miya. Ni na ƙaro masa, hawaye na zuba, na gode Allah da idonsa bai gani.

Ban raka Auta tasha ba. Da ya zo sallama na ce masa ya ji kunya, ya yi wa tsoho mara lafiya wayo, ya sayi hanya da kalma biyu. Bai musa ba. Ya ce, "Madam, a yi mini addu'a," ya ɗauki jakarsa. Na daɗe ina riƙe da shi a raina a kan haka, ko da ya kira daga Agadas, ko da ya kira daga can ya ce ya samu aiki wajen wani mai gini. Gaisuwa kawai nake amsawa in miƙa wa Baba wayar.

Baba ya rasu kafin damina, cikin natsuwa, ba zan ɓoye wannan ba. Auta bai samu jana'iza ba, ba ma yadda za a yi ya samu. Bayan an share makoki na kira shi da kaina. Lokacin ana ta labarin kame a garin da yake, an ce ana bin wuraren gini ana kwashe baƙi. Na ce ya dawo haka nan, ga garka babu mai kula da ita, Baba ya tafi, abin da ya sa aka bar shi ya fita ya wuce. Ina jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa.

Ya ce ya tara wani abu. Ya ce in tambayar masa Yaya, tunda shi ya san lissafin, kason Baba nawa ne, kuma hannun wa ake ba.

Na ɗauka tsokana ce, har na fara yi masa faɗa. Sai na ji muryarsa, na gane da gaske yake. Na ce Auta, babu wanda ake ba, babu ofishin, Malam ma ya faɗa a gabanka. Ya ce ya ji abin da Malam ya ce, amma ba Malam ya yi wa alkawari ba, kuma hannun Baba yana kansa lokacin da ya faɗa.

Na ce, "To yaushe za ka dawo?"

Ya ce sai ya gama.