Bango ɗaya ne ya bushe

Akwai ƙarya ɗaya da na yi da cokalin gini a hannuna, wadda da ana mayar da rana baya da na goge ta.

Shekarun baya, abokina, malamin allo a nan unguwar Briqueterie, ya kira ni in yi masa ɗan ɗaki a bayan gida, gefen da ke gangare. Littattafan mahaifinsa zai ajiye a ciki, rubutun hannu ne, tsohon ya taho da su daga Kano. Duk wanda ya zauna a unguwar nan ya san ƙasarmu: in damina ta kankama, bango yakan sha ruwa daga ƙasa har ya kai gwiwa.

Ranar da zan fara yaɓe, 'yar abokin nawa da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'a ta shigo da jarka. Ta ce, "Baffa, wannan idirofuj ne. A zuba kofi ɗaya a kowane kwaɓi. Yana toshe ƙananan kafofin da ke cikin siminti, ruwa ba ya samun hanya."

Na yi dariya. Na ce, "Ke, ni na ɗauke ki ranar sunanki. Yau ke za ki koya mini kwaɓi? Ko siminti ma ya fara shan maganin tari?"

Ta ce, "Baffa, ai shekara nawa bangon unguwar nan yana mura, ku ne ba ku kai shi asibiti ba."

Abokina ya yi ta dariya, ya ce in yi yadda ta ce. Tana tsaye na zuba, na yaɓe bangon gabas. Tana fita makaranta na tura jarkar bayan tulin yashi. Sauran ukun na yi musu yadda na gada, na ƙara siminti, don a wurina babu abin da ƙarin siminti ba ya gyarawa. Da ta dawo ta tambaya, na ce duk na zuba.

Ruwan Oktoba ya zo, kwana da kwanaki. Wata safiya abokina ya aiko in zo. Na tarar da shi durƙushe, ya shimfiɗa takardu a tabarma. Bango uku sun jiƙe, farin gishiri ya feso musu. Littattafai biyu da ke jingine da bangon yamma tawadarsu ta narke, shafuka sun manne. Bangon gabas kuwa, na ɗora tafin hannuna, a bushe ƙayau. Yashi ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya. Na daɗe ban ɗauke hannun ba. Wallahi ban taɓa ganin abu mai ban mamaki irin wannan a sana'ata ba.

'Yar ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta ce, "Baffa, jarkar tana nan?"

Na ce tana nan. Na faɗi komai a gaban mahaifinta.

Abokina ya ce, "Na yafe maka nawa. Amma hannun Baba ba zai sake rubuta waɗannan ba."

Na farfasa yaɓen bango ukun na sake, ita tana awo, ni ina kwaɓawa. Ta nuna mini dalilin da bai kamata in cika ruwa a kwaɓi ba. Daga baya ita ta kawo mini gam ɗin da ke haɗa sabon kankare da tsoho, na gyara wani bene da shi a unguwar Nkomkana. Har yau ina jinjina wa mutanen da suka zauna suka gano abin da ido ba ya gani a cikin siminti.

Ɗakin yana nan a bushe. Littattafan biyu ma suna nan, a naɗe cikin farin ƙyalle, babu mai iya karanta su.

'Yan'uwana magina, ina roƙonku: in an kawo abin da ba ku sani ba, ku tambaya, ko da wanda ya kawo ɗan cikinku ne. In kuma ba ku zuba ba, don Allah kada ku ce kun zuba.