Sha-Gaba da Motar da Ba Ta Magana

Ɗan kawuna Sha-Gaba tun yana goye ba ya son ganin ƙeyar kowa. An ce sai ya yi ta miƙa wuya ta saman kafaɗar uwarsa, wai lallai sai ya riga ta isa. Makaranta ma abin da ya raba su ke nan, an ce ya bi layi, ya ce layi na marasa sauri ne. Ya koma tasha, ya yi wankin mota, ya yi lodin kaya, har Allah ya ɗora shi kan sitiyarin wata doguwar jar motar fasinja mai salansa kamar bakin rijiya.

A cikinta ya yi suna, a cikinta ya yi furfura. Idan ta taso daga bayan gari, kwanukan matan unguwa sukan fara rawa kafin a hango ta. Shi kuwa da kunne yake tuƙi. In ya tarar da tirela a babban titi, sai ya kashe rediyo, ya ce kowa ya kama bakinsa, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. Ya sauko da giya ɗaya, inji ya yi gurnani, ya jira muryar ta kai wani wuri da shi kaɗai ya sani, sannan ya fita. Kafin tsohuwar da ke kujerar baya ta gama salati, tirela ta koma ƙwaro a madubi.

Fetur kam jar motar ba sha take ba, wanka take yi da shi. Ko hango gidan mai ta yi sai ta fara tari. Hakan bai taɓa damunsa ba, don kowane gidan mai na hanyar yana da aboki a ciki. A sauka, a miƙe ƙafa, a sha shayi, a zagi direbobin zamani.

Tare suka tsufa, sai dai ita ta riga shi kwantawa. Ranar da masu sayen tsohon ƙarfe suka ja ta, bai fito daga ɗaki ba. Daga nan ya koma zaman benci a rumfar Mai Faci, inda tsofaffin direbobi ke wuni suna wuce tireloli da baki.

Autarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti, ita ce ta kasa jure ganinsa haka. Ta kawo masa wata 'yar farar mota mai haɗin fetur da batir, irin wadda ake kira haibirid. Ya shiga, ya danna maɓalli, ya jira. Shiru.

"Ta tashi fa, Baba."

"Ta tashi ina? Gawa ma ta fi ta motsi."

A danja ta farko injin ya kashe kansa, kamar yadda irinsu ke yi don kada mai ya ƙone a banza. Sha-Gaba ya fito da sauri, ya ɗaga bonet, yana kiran jama'a a taimaka da turi. Auta ta nutse a kujera ta rufe fuska da jaka.

Ya cika tanki, ya yi ta yawo, allurar mai ta ƙi sauka. Ya ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa, ya ce ta maƙale. Ba ta maƙale ba, motar ce ba ta ci. Abokansa na gidajen mai suka daɗe ba su gan shi ba, har ɗaya ya zo gida yi wa iyali gaisuwar rasuwa, ya tarar da mamacin a tsakar gida yana yanke farce.

Duk wannan abin dariya ne. Abin da ba na dariya ba shi ne, tunda ya karɓi motar bai sha gaban kowa ba. Motar da ba ta magana, ta yaya zai san ta shirya? Sai ya leƙa, ya ga hanya fes, ƙafa ta ƙi. Ya taɓa bin bayan wani mai keke har ƙofar gidansa.

"Sannu da zuwa, Bi-Baya," in ji Mai Faci wata rana, yana duba tayar da ke cikin ruwa.

Benci ya kwashe da dariya. Sunan ya kama, har jikokinsa suka fara gwada shi a bayan idonsa. Sha-Gaba ya daina zuwa rumfar. Ya rage cin abinci.

Ana nan sai tafiya ta kama su zuwa duba yayarsa a wani gari mai nisa, shi da matarsa Maman Auta. A wani dogon hawa suka tarar da tirelar siminti tana rarrafe. Ya lafe a bayanta suna shaƙar hayaƙi. Can direban tirelar, wani yaro matashi, ya kunna masa sigina, yadda direbobin doguwar hanya ke gaya wa na baya cewa gaba babu kowa. Sha-Gaba ya leƙa, ya koma. Aka sake kunnawa, ya sake komawa. Sai yaron ya fito da hannu ta taga yana yafito shi a hankali, irin yadda ake yi wa ɗan koyo.

Maman Auta, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana roƙonsa ya rage gudu saboda yara ƙanana, ta gyara zama.

"Baban Auta, ko in sauka in tura?"

"Ba na jin ta," ya ce a hankali. "Ban san abin da take ciki ba."

"To ni kana ji na? Wuce shi."

Ya taka totur har ƙasa. 'Yar motar ta zabura kamar an mintsine ta, injin ya farka ya saki wani dogon ihu da babu numfashi a tsakiya. Hannunsa ya tafi neman doguwar sandar giyar jar mota inda ya saba samunta, ya damƙi gwiwar Maman Auta, ya saka ta a giya ta uku. Ihunta ya danne na injin. Kafin ta gama, tirela tana baya.

Da suka gangara sai ya sauka gefen titi ya tsaya. Tirelar ta zo ta wuce su, yaron ya danna hon sau biyu.

"Kin gani?"

"Na gani. Gwiwata ma ta gani."

Ya dubi titi. "Ita ta wuce shi, ba ni ba. Ban ji komai ba."

"Ƙafar wa ta taka?"

Ya hau titi, suka ci gaba da tafiya.

Da suka dawo, ita ta matsa ya tsaya a rumfar Mai Faci, wai tayar baya tana buƙatar iska. Ta fito tana ɗingishi fiye da yadda gwiwar ta buƙata, ta gaishe da benci, ta ba su labari tun daga tushe: tireloli uku a jere, ga tankar mai a gabansu, duk a taki ɗaya, a kan hawa.

Mai Faci ya ajiye tiyon iska, ya dubi ɗan kawuna.

"Da gaske, Sha-Gaba?"

Sha-Gaba ya matsar da wani tsoho, ya zauna a wurinsa na da, ya karkaɗe wando.

"A faɗi gaskiya," ya ce, "tankar babu kaya a cikinta."