Motar da Inna Ta Zaɓa

Lokacin da nake tuƙi a gidan wani Balarabe a unguwar Abhur da ke bakin teku, tsofaffin motocin Amurka suka shiga raina, irin masu faɗin nan da ke cinye titi su kaɗai. Na ƙudura sai na sayi matacciya na tashe ta da hannuna, na zaga bakin teku da gwiwar hannu a taga.

Ranar da zan je tashlih, filin da ake jibge matattun motoci, mahaifiyata ta yafa mayafi ta ce da ita za a je. Inna da ko sunan mota ba ta taɓa tambaya ba! Ni ina leƙa inji ina ƙwanƙwasa tsatsa, ita tana bin su tana auna bonet da kamu. Wata shuɗiya mai lafiyayyen inji ta kwanta mini, Inna ta taɓe baki.

"Wannan goshinta tudu ne. Ga baƙar can, shimfiɗaɗɗiya."

Baƙar ko tayoyin kirki ba ta da su. Amma wa zai ƙi zaɓin uwa? Har daɗi na ji, wai ashe a nono na sha son mota. Aka jawo mana ita unguwarmu ta Nuzla, aka girke ta a ƙofar ɗan ɗakinmu.

Gari na wayewa na fito da sifana, na tarar da kuɓewa yankakkiya a shanye a kan bonet, barkono a kan rufi. Kafin wata ya ƙare but ɗin motar ya zama rumbu, kujerar baya kuma ta zama wurin hirar matan lungu. In zan buɗe inji sai na nemi izini.

"Bari ta ƙara shan rana, ɗan nan. Gaggawar me kake?"

Haushi kamar na fashe. Haka na riƙa gyara a sace, yau fulogi, wata Juma'ar kafireto, har shekara ta zagayo.

Ranar da ta tashi, lungu ya ɗauka. Hayaƙi ya turnuƙe, barkono ya gangaro, maƙwabta na atishawa suna taya ni murna da "Mabruk!" Na leƙo ina washe baki.

"Yalla, Inna, shigo mu ga teku!"

Ba ta shigo ba. Ta tsuguna tana tsince kuɓewarta daga ƙasa, ba ta ko dube ni ba.

"Tun da muka baro Damagaram ban sami tsakar gida ba sai wannan," ta ce. "Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Na kashe mota, na cire batir na kai ɗaki. Abokai da suka tambaya na ce musu kafireto ne ya sake ƙi, suka yi ta yi mini dariya. Inna kuwa ta goge bonet da tsumma ta mayar da shanyarta.